Takardar Koke ga Mai Martaba Sarkin Zangon Kumasi kan Gwajin Naman Daji

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu mahauta, mafarauta da masu sayar da naman daji na Zangon Kumasi muna gabatar da wannan koke ne tun da aka bayyana Nsuban, a Yankin Yamma, a matsayin wurin da aka fi so a gina tashar lantarki ta nukiliya ta farko a Gana. Ba adawa muke yi da aikin ba, kuma ba mu ce namanmu ya gurɓata ba.

Abin da ya dame mu shi ne yadda ƙurar nukiliya ke bin abincin dabba har ta iso tukunyar mutum. Idan ta sauka da ruwan sama, ƙasa ta shanye ta, ciyawa ta zuƙe ta, gada ko zomo ko gyazbi ya ci, sai sinadarin siziyom-137 ya zauna a tsokarsa, sitirontiyom-90 kuma ya shige ƙashi. Siziyom na ɗaukar kusan shekara 30 kafin rabin ƙarfinsa ya ragu, kuma kyafe nama, wanda shi ne sana'ar da yawa daga cikinmu, ba ya fitar da shi.

An ga haka bayan haɗarin tashar nukiliya ta Chanobil, a Yukren, na 1986. A Nowe da Suwidin, barewar ƙasashen sanyi ta ci gansakukar da ta tara ƙurar, har aka hana sayar da nama mai yawa, makiyayan ƙabilar Sami suka yi asara. A Bavariya ta Jamus kuwa, har yau ana samun aladen daji da namansu ya wuce iyakar da doka ta sa ta bekerel 600 (ma'aunin ƙarfin gubar nukiliya) a kilo ɗaya, saboda suna tono naman kazan ƙarƙashin ƙasa su ci. Mu ba ma cin alade, amma darasin ya shafe mu, domin binciken da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa wani kaso na gubar da ke jikin aladun ya samo asali ne daga gwajin bama-baman nukiliya na shekarun 1950 da 1960. A wannan zamanin ne, ranar 13 ga Fabrairun 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya a Reggane ta Aljeriya, cikin Sahara, inda hunturu ke taso mana, har Shugaba Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa da ke Gana don nuna fushi.

Saboda haka muna roƙon Mai Martaba ya isar da buƙatarmu ga Hukumar Makamashin Nukiliya da ke Kwabenya a Akra, cewa a auna naman daji, kifi da naman kaza na kasuwannin Kumasi tun kafin a aza tubalin tashar, don a san yadda suke kafin ta fara aiki, a riƙa maimaita awon lokaci-lokaci, a kuma sanar da sakamakon da Hausa da Tuwi a masallatai da gidajen rediyo. Mun yarda mu bayar da naman gwajin daga teburanmu kyauta.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Naka masu biyayya,
Mahauta, mafarauta da masu sayar da naman daji na Zangon Kumasi