Mama, zunubi ne in ce ina so a so ni?

Salama Mama, ina gaishe ki cikin sunan Yesu, ya aiki ya iyali. Ina sauraron shirinki duk sati, yau dai na ce bari nima in rubuto tunda abin ya ƙi barina in yi barci. Dan Allah kar ki faɗi sunana, ki ce wata 'yarki ce daga Samaru a Zariya.

Shekarata 34, malama ce ni a wata makarantar kuɗi, ban taɓa aure ba. Asalinmu Wusasa ne, kakata a tsohuwar majami'ar St. Bartholomew ɗin nan ta tubali da aka gina a 1929 aka ɗaura mata aure, har yau Littafi Mai Tsarki nata tsohuwar fassara ta 1932 yana wurina duk ya yage. Na faɗi wannan ne don ki san ba jiya na shiga bi ba, cikin coci na buɗe ido, shekara goma sha ɗaya ina cikin kwaya ta mawaƙan coci. Amma yanzu a cocin da nake zuwa ban san inda zan zauna ba. Matasa na girme su, wasu ma ni na koyar da su a makarantar Lahadi, Zumuntar Mata kuma ta matan aure ce, ranar da suka ɗaura zanensu iri ɗaya suna buga tulu suna rawa zuwa gaba sai in ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Anko kuwa akwatina ya cika, ni ce mai rabon shinkafa a bikin kowa, in an tashi a ce saura naki.

Toh ga abin da ya kawo ni. Wata uku da suka wuce matar fastonmu ta kira ni bayan sujada ta ce akwai wani dattijon ikkilisiya da matarsa ta rasu shekara biyu kenan, yana da yara uku, ya ce yana so na. Mutumin kirki ne Mama, ba zan ɗauki alhakinsa ba, ba ya shaye-shaye, ba a taɓa jin sa da kowa ba, yana da gidansa. Ya zo gidanmu sau huɗu. Zuwan farko ya kawo katan ɗin Maltina ya zauna a falo yana juya makullin mota a hannu, awa ɗaya cur yana ba ni labarin ƙaramar 'yarsa da ba ta cin tuwo sai an lallaɓa ta, da babban da zai rubuta JAMB, da yadda gidan ya lalace tun rasuwar maman su. Na tausaya masa har ƙwalla ta zo min. Amma har ya tashi bai tambaye ni ko abu ɗaya a kaina ba, me nake so, me ke ba ni dariya, ko kallon fuskata ma bai yi sosai ba. Sauran zuwan ukun ma haka. Da zai tafi na ƙarshe ya ce, yara suna bukatar uwa kuma kowa ya shaide ki.

Na san yabo ne. Amma ni daren nan kuka na yi.

Da na gaya wa mamata sai ta ce soyayya ta 'yan fim ce, ita sau biyu ta ga babana kafin aure kuma ga shi sun shekara arba'in, wai so yana zuwa daga baya in an zauna. Matar fasto kuma ta buɗe min Ishaya 54:5 inda aka ce Mahaliccinki shi ne mijinki, ta ce in Yesu ya ishe ni ba zan riƙa jin wannan ƙishin ba, wai marmarin nan zai iya zama min gunki. Maganar nan ta gunki ita ta fi cina, na yi azumin kwana uku a kanta ina roƙon Allah in dai zunubi ne ya cire min, bai cire ba.

Kuma Mama ni ina karatu, ba wai ji kawai nake a bagade ba. Tun a Farawa 2:18 Allah da kansa ya ce bai kyautu mutum ya zauna shi kaɗai ba, lokacin kuwa Adamu yana tare da Allah a gonar Adnin, zunubi bai ma shigo ba, toh ya za a ce kaɗaici rashin bangaskiya ne? Waƙar Waƙoƙi sura takwas ce, mace ce ta fara magana a ciki tana marmarin masoyinta ba kunya, ni dai ban taɓa ji an yi mana wa'azi a kanta ba. Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce Lai'atu, matar Yakubu ta farko kuma yayar Rahila, a Farawa 29. Kowa labarin Yakubu yake so, yadda ya yi bautar shekara bakwai saboda Rahila ya ga kamar 'yan kwanaki, amma Lai'atu fa? Tana da miji, tana da ɗaki, ta haifi Ra'ubainu ta ce yanzu mijina zai ƙaunace ni, ta haifi na biyu, na uku, tana ta sa rai. Kuma an rubuta cewa Ubangiji ya ga ba a son ta. Ya gani Mama, bai tsawata mata ba. Tsorona kenan, kar in shiga gidan mutum da farar riga in zama Lai'atu, kishiyata ma tana kabari, wa zai iya gasa da mamaciya.

Wata ƙawata Musulma da muke aiki tare, tana ƙaunata sosai, ta ce ki gwada mana in bai yi ba ai sai ki fito. Na ce mata mu ba haka ba ne, abin da Allah ya gama kada mutum ya raba, Matiyu 19:6, in na tsaya gaban ikkilisiya na ce sai mutuwa to sai mutuwar. Shi yasa nake jan ƙafa.

Ta ɗaya gefen kuma ban rufe idona ba, shekaru suna tafiya, ina son in haifi nawa, kuma babu wani da nake jira, ba ni da saurayi a ɓoye. Manzo Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 7 zama ba aure ma baiwa ce, na yarda, amma na bincika zuciyata ba a ba ni ita ba.

Dan Allah ki gaya min gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Wannan son a so ni ɗin, gunki ne ko haka Allah ya yi ni? Kuma ya dace in zaunar da dattijon nan in tambaye shi kai tsaye ko ni yake so ko mai riƙe masa yara, ko za a ce na yi rashin kunya? In ya dace, wace irin magana zan yi masa da ba za ta ci masa fuska ba, kuma in tafi da wani ko ni kaɗai?

Ya ce yana so ya turo magabatansa gaisuwa kafin Kirsimeti, mamata har ta fara gaya wa 'yan uwa a Wusasa. In da hali ki karanta a shirin wannan satin, zan kasance kusa da rediyo.

Taki,
'yarki daga Samaru, Zariya