Kwalemar da Kullum Ake Ɗagawa Sai Bayan Salla

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da ake yi wa kallon ƙarami, alhali kuwa yana cin lafiya da dukiya da zumunci a gidajenmu, wato tara komatsai da jan ƙafa wajen rabuwa da su. Da wuya ka shiga gida a Kano ko Zariya ko Katsina ka rasa wani ɗaki, ko sito, ko lungun bayan zaure da aka danƙara wa shirgi har ƙofarsa ba ta buɗuwa sosai, kuma da wuya ka tambayi masu gidan su ce maka ba su da niyyar gyarawa. Niyya kam kowa yana da ita. Ana cewa sai an sha ruwa, in an sha ruwa a ce sai bayan babbar Salla, in layya ta wuce a ce bari damina ta ɗauke, a haka shekara za ta zagayo kayan suna nan inda suke, sai ma abin da ya ƙaru a kansu.

Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan kasala, ni kuwa ban yarda da haka ba. Matar da take share tsakar gida safe da yamma, ta yi wanke-wanke, ta ɗora sanwa sau uku, ta shirya yara makarantar boko da ta Islamiyya, ba za a kira ta malalaciya ba don ta kasa taɓa akwatunan da ke ƙarƙashin gadonta. Abin da yake hana ta shi ne kowane abu a cikin akwatunan nan yana neman a yanke masa hukunci, kuma hukuncin sau da yawa ba nata ba ne ita kaɗai. Wannan samira mahaifiyarta ce ta saya mata lokacin jere, waccan atamfa daga cikin lefe ta fito, wancan kwanon tangaran kuwa gwaggonta ce ta kawo, kuma tana tsoron ranar da gwaggon za ta zo ta leƙa ta ga babu shi. Ɗaga kaya aikin yini ɗaya ne, amma yanke wa abu ɗari hukunci a yini ɗaya, kowanne da fuskar mutumin da ya bayar da shi, ya fi ƙarfin zuciya. Shi ya sa kwalemar da ake yi gab da Salla take ƙarewa a fito da kaya tsakar gida, a kakkaɓe yana, a goge, sannan da la'asar a mayar da komai inda yake ba tare da ko cokali ya bar gidan ba.

Kada kuma maza su ɗauka da mata kaɗai nake. Shirgin maigida ya fi na uwargida nauyi da haɗari: janareta da ya mutu shekaru da suka wuce ana jiran ranar da za a kai shi wurin mai gyara, tsofaffin tayoyin mota, ragowar kwanon rufi da ya yi tsatsa, buhun siminti da ya sha danshi ya zama dutse, batiran da suka fara yoyo, da wayoyin salula matattu cike da aljihun tebur. Idan aka yi magana sai ya ce ajiya maganin wata rana. Karin maganar gaskiya ce, amma magabatan da suka faɗe ta hatsi suke ajiyewa a rumbu, kuma suna buɗe rumbun suna dubawa, sun san adadin daman da ke ciki. Abin da mai shi ya manta da shi, wanda idan buƙatarsa ta taso sai ya tafi kasuwa ya sayo sabo saboda ba zai iya tono tsohon ba, wannan ya fita daga sunan ajiya.

Ɓarnar da jinkirin yake jawowa ba ta tsaya ga ƙuncin ɗaki ba. Duk inda aka jibge buhuna da kwalaye ba a motsa su, nan ne ɓeraye suke sheƙa, ɓera kuwa shi ne yake yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa idan suka taɓa abinci ko kwanuka. An fara gano wannan cuta a shekarar 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, tana kuma tsananta ne da rani, jihohin Bauci da Taraba na cikin waɗanda take yawan addaba, kuma shawarar da ma'aikatan lafiya suke maimaitawa kowace shekara ita ce a rufe abinci a mazubi mai murfi, a hana ɓera wurin ɓuya a cikin gida. Da damina kuma tayoyi da gwangwanaye da fasassun bokitai suna tare ruwa, sauro ya yi ƙwai a ciki, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya ƙyanƙyashe ya tashi. Da hunturu, tarin tsummoki da katifu da takardu a kusa da wayar lantarki ko kaskon wuta shi ne yake mayar da ƙaramin tartsatsi gobarar da za ta cinye gida. Ban da kunama da kyankyasai, ban da gara da asu da suke cinye kayan da ake ganin ana tattalinsu.

Wurin da abin ya fi ba ni tausayi shi ne ɗakin mamaci. Uba ko uwa za su rasu, a rufe ɗakin da kwaɗo, a ce sai an huce, sai babban wa ya dawo daga tafiya, sai an haɗu gaba ɗaya. Babu wanda yake so ya zama farkon mai tayar da maganar, don kada a ce idonsa yana kan dukiya. Shekaru su shuɗe, manyan riguna masu aiki da alkyabba da littattafai su lalace, wasu magadan su rasu su bar nasu magadan, lissafin ya ƙara rikicewa, daga nan kuma zargi ya shigo a ce wane ya buɗe ya ɗauki kaza. Shari'a ba ta bar wannan a duhu ba: a yi wa mamaci sutura daga dukiyarsa, a biya masa bashi, a zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura ga magada. Kayan da ke cikin ɗakin nan, komai ƙanƙantarsu, haƙƙin mutane ne, a cikinsu akwai marayu da zawarawan da suke buƙatarsu yau. Kunyar da take hana a kira malami ya raba ba ladabi ba ce ga mamacin, tauye masu rai ce. A nan ne kuma nake jan kunnen mai zafin nama: kada ya shiga ɗakin da sunan gyara ya kyautar da abin da ba nasa ba kafin a raba.

To ina mafita? A ganina kuskuren da ake yi shi ne a fara da fito da kaya kafin a san inda za su. Wanda yake so aikin ya yiwu, sai ya fara da nemo wa kayan wurin zuwa, ya kuma sa rana tare da wani mutum na waje wanda zai zo ya yi sallama a ƙofa, domin alkawarin da mutum ya yi wa kansa yana da sauƙin saɓawa, amma wanda ya yi wa wani yana jin nauyinsa. Ba mu rasa irin waɗannan mutane ba. Dillaliya tana karɓar kwanuka da zannuwa da kayan ɗaki ta sayar cikin sirri, mai kaya ta sami na jari ko na kuɗin makarantar yara. 'Yan gwangwan suna zagayawa da kura suna sayen ƙarfe da alminiyom da tagulla a kan sikeli, wani a narkar da shi a yi tukwane. Tufafin da suka yi wa yara kaɗan, akwai maƙwabta da dangin ƙauye da almajirai da gidajen marayu, kuma ya fi kyau a bayar da su tun suna moruwa, a wanke a ninke, maimakon a jira sai sun zama tsumma sannan a kira abin sadaka.

Ranar ma ba sai an ƙirƙiro ta ba. A Kano ana yin tsaftar muhalli a Asabar ɗin ƙarshen kowane wata daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, ana taƙaita zirga-zirga, maigida da samari duk suna gida. Waɗannan awanni 3 sun isa a gama da lungu ɗaya, ko sif ɗaya, ko akwati biyu. Kada a ce za a gama gida duka, don wannan burin ne yake kashe aikin tun ba a fara ba. A fara da abin da zuciya ba ta rataye da shi ba, kamar fasassun robobi, da takalma wari ɗaya, da kwalaben da babu komai a ciki, a bar kayan jere da na tunawa da iyaye sai hannu ya faɗa. Abin da aka ware kuma ya bar gidan a ranar, domin buhun da aka ɗaure aka jingine a zaure da sunan gobe za a fitar, cikin mako guda yara sun kwance shi, kowa ya ɗauki abin da ya tuna yana so.

Akwai abubuwa biyu da suke tsayar da mutane saboda ba su san yadda za su yi da su ba, kuma uzurinsu karɓaɓɓe ne. Na farko yagaggun shafukan Alƙur'ani da tsofaffin littattafan Islamiyya da takardun da ke ɗauke da sunan Allah, waɗanda babu Musulmin da zai zuba su a bola. Malamai sun halatta a ƙona su cikin girmamawa ko a binne su a wuri mai tsarki da ba a takawa, don haka a tara su a jaka ɗaya a tambayi limamin unguwa. Na biyu ragowar magunguna. Wanda wa'adinsa ya wuce kada a miƙa wa wani da sunan taimako, kada kuma a watsa shi a juji inda yara masu tsince-tsince za su ɗauka, a kai wa mai kantin magani ko ma'aikacin asibiti ya faɗi yadda za a yi da shi. Takardun gida da na fili da shaidar haihuwa da sakamakon jarrabawa kuwa, su ne ya kamata a fara tsamowa a sa su a jakar leda a wuri ɗaya da kowa ya sani, kafin a taɓa sauran takardu.

Ina roƙon limamanmu su riƙa taɓo maganar gaggauta rabon gado a huɗuba da wurin ta'aziyya, domin idan ta fito daga bakinsu ta ɗauke wa 'ya'yan mamaci nauyin farawa. Ina kuma roƙon masu unguwanni su haɗa kai da matasa da hukumar kwashe shara, a san inda za a kai abin da aka fitar ranar tsafta, don kada wanda ya yi ƙoƙarin gyara ɗakinsa ya ƙare da zuba shirgin a magudanar ruwa, damina ta zo ta mayar wa unguwa da shi.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wani mai karatu daga birnin Kano