A bar mu da jita-jitar irin GMO, a tambayi wa zai kai mu gona

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in faɗi abin da ke cina a rai game da wannan surutu na irin shuka da ake ce wa GMO, wato wanda masana kimiyya suka sauya wa ƙwayoyin halitta, don gaskiya abin ya fara isata. Duk guruf ɗin WhatsApp da ka shiga sai ka tarar da wata murya an turo, wani malami ko wani dokta da ba a san asibitinsa ba yana rantsuwa wai Turawa sun kawo masarar da za ta hana mu haihuwa, wai in ka shuka ta sau ɗaya gonarka ta mutu har abada, kuma mutane na ta turawa gaba ba tare da ko ɗaya ya tambayi ina aka yi irin nan ba.

To a Samaru aka yi aikin, nan Zariya, a cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke ƙarƙashin jami'ar Ahmadu Bello. Waken da suka sa wa suna SAMPEA 20-T an amince da fitar da shi a 2019, Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin shekara da shekaru. Masarar TELA kuma, wato SAMMAZ 72T har zuwa 75T, a watan Janairun 2024 aka saki su, Farfesa Rabiu Adamu ne kan gaba. Mutanen nan ba daga sama suka faɗo ba, 'ya'yanmu ne, suna cin tuwon da muke ci. Abin da aka yi shi ne an ɗauko wani abu daga wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a cikin ƙasa, ana kiranta Bt a taƙaice, aka sa a jikin shukar, in tsutsa ta ci sai cikinta ya lalace ta mutu. Ita wannan ƙwayar an daɗe ana fesa ta a gonaki a ƙasashen duniya tun kafin a yi maganar GMO ma.

Wanda bai taɓa noman wake ba ba zai gane me ya sa manomi zai so wannan ba. Ka yi shuka, ka yi noman farko, ka yi maimai, wake ya yi yaɗo ya rufe ƙasa har ka fara lissafin buhu nawa za ka samu, sai fure ya fara zubewa. In ka ɓare kwanson da ya ɗan fito sai ka ga 'yar tsutsa mai ɗigo-ɗigo a baya ta haƙa rami ta shige, ta cinye 'ya'yan ta bar kashinta a bakin ramin, ta kuma ɗaure ganye da fure da wani zare kamar na gizo-gizo. Ita ce masana ke ce wa maruka. Maganinta a wurinmu feshi ne, sau shida, sau bakwai, wani har takwas a damina ɗaya. Kuma wa ke feshin? Yaro ne ɗan shekara sha biyar da goyon injin feshi a baya, ba takalmi ba abin rufe hanci, maganin na tsiyaya yana jiƙa masa riga, in ya gama ya wanke hannu a kududdufi ya zauna ya ci ɗumame. Da wannan sabon wake an ce feshi biyu ya isa, don akwai sauran ƙwari masu tsotse kwanso da shi ba ya kashewa. Ni dai in aka ce in zaɓi abin tsoro tsakanin biyun nan, gubar da nake gani da idona ita ce ta fi ba ni tsoro. Ai ba mu manta ba Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015 saboda yawan guba da aka samu a ciki, kuma wanda suka ƙi ɗin mu muka ci shi a ƙosai da alale da wake da shinkafa, ba wanda ya tura murya a kan wannan.

Amma fa Edita ban ce masu tsoron mahaukata ba ne. Mutanen Kano sun ga abin da ya faru a 1996 lokacin gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, kuma shi ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003. Wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Gwamnati ce ya kamata ta zo ta yi bayani da Hausa a kasuwa da masallaci da gidan rediyo, sai ta tsaya tana taro a otal a Abuja da Turanci. Hukumar NBMA da aka kafa a 2015 don ta sa ido kan irin waɗannan abubuwa, manomi nawa ne a Giwa ko Bakori ya taɓa jin sunanta? Malaman gona kuwa da a da suke yawo ƙauye-ƙauye a kan babur yanzu sai ka shekara ba ka ga ko ɗaya ba.

Tambayar da nake so jaridarka ta bi ita ce ta mallakar iri, don nan ne akwai magana. Shi wake kansa yake yi wa barbara, saboda haka in ka ajiye iri daga abin da ka rora za ka iya shukawa baɗi ya fito lafiya, maganar wai ba ya tsirowa karo na biyu ƙarya ce. Amma masarar TELA irin aure ce, mai haɗi, in ka maimaita 'ya'yanta amfanin raguwa yake, dole duk shekara ka koma wurin kamfani ka saya. Wannan ba GMO ne ya kawo shi ba, duk masarar haɗi haka take tun da can, sai dai manomin da ya saba ya zaɓi zangarniya mai kyau ya rataye a saman ɗaki hayaƙi na bugunta har damina ya kamata a gaya masa gaskiya kafin ya saki irin kakanninsa. Fasahar kuma asalinta ta kamfanin Bayer ce, ta biyo ta hannun ƙungiyar bunƙasa fasahar noma ta Afirka, AATF, da ke Nairobi, an ce ba a biyan kuɗin mallaka a kanta. To har yaushe? Wa ya ga takardar yarjejeniyar? In gobe dala ta ƙara tashi ko kamfanonin iri suka haɗa kai, kilo nawa zai koma? Burkina Faso ta rungumi audugar Bt, ta zo ta watsar da ita a 2016 saboda zaren ya gajarce, farashinta ya faɗi a kasuwar duniya. Ba ciwo ta sa wa kowa ba, asarar kuɗi ce, kuma irin wannan asarar ita ce ya kamata a yi mana hisabinta tun yanzu. Sannan a sa alama a buhu, wanda ba ya so ya san abin da yake saya a Dawanau, hakkinsa ne.

'Yan majalisar wakilai a watan Mayun 2024 sun tashi sun ce a dakatar da GMO sai an yi bincike. Madalla, aikinsu ne. Amma ina ma a ce irin wannan zafin suke yi a kan abin da ya hana mutane zuwa gona gaba ɗaya.

Don wallahi Edita duk wannan gardama ta waɗanda ke iya kaiwa gonarsu ce. Je ka Zamfara, je ka Birnin Gwari, je ka yankin Faskari da Sabuwa da Batsari ko gabashin Sakkwato, a ƙauyuka da yawa sai an haɗa kuɗi an kai wa 'yan bindiga kafin a bari a yi shuka, in kaka ta yi a sake biyan wani kafin a yi girbi, wani wurin ma sai an je an noma wa ɓarayin tasu gonar tukuna. Mai gari ne ke bi gida-gida yana karɓa, mai akuya ya sayar, mai keke ya sayar, a ƙulle kuɗin a leda a ba wani mai ƙarfin hali ya shiga daji da su, matansa na gida suna ta addu'a ya dawo. Gonakin da ke nesa da gari, waɗanda su ne masu ƙarfi, sun koma saura. A Borno kuma ba mu manta da manoman shinkafa na Zabarmari da aka yi wa yankan rago a Nuwamban 2020 ba. Mutumin da ke gudun hijira a kangon makarantar firamare, ko ka ba shi irin da ke bada tan goma a hekta ina zai shuka shi?

Kuma abin da ke ɗaure min kai, ƙasar da ta iya fitar da waken GMO ta kasa gano inda wayar ɗan bindiga take. An tilasta mana haɗa layin waya da lambar NIN, tsofaffi sun sha layi a rana, an ce don tsaro ne. An rufe sabis ɗin waya a Zamfara a Satumban 2021, 'yan kasuwa suka yi asara, mutane suka riƙa tafiya wata jiha don su kira 'yan uwansu. An sayo jiragen yaƙi na Super Tucano daga Amurka. Yau ga shi ɓarayin nan na kiran waya suna cinikin kuɗin fansa, wasu har bidiyo suke ɗorawa a TikTok suna nuna damman kuɗi. Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a Yulin 2023, bayan cire tallafin mai ya sa kuɗin haya da na taki da na ban ruwa sun haura, amma dokar ta-ɓacin da manomi ya sani ita ce a ce yau ya tafi gona ya dawo da ransa.

Saboda haka roƙona gare ka, ka tura wakilinka Samaru ya zauna da malaman nan ya yi musu tambayoyi masu zafi, a buga da Hausa. Ya nemi manoman da suka shuka waken nan damina biyu ko uku su faɗi da bakinsu feshi nawa suka yi, buhu nawa suka samu, harawar dabbobi na ci ko ba sa ci, kuma nawa suka sayi irin. Ya tambayi hukumar kula da irin shuka ta ƙasa yadda za a gane na gaskiya da na jabu, don tuni wasu suka iya rina masarar kasuwa su zuba a leda su ce ingantacciya ce. In ya gama sai ya wuce wurin gwamnonin Arewa maso Yamma ya tambaye su ƙauye nawa ne a jiharsu suka biya harajin noma bana, kuma a hannun wa.

Na gode da ba ni fili.

Naka mai karatu kullum,
daga Funtuwa, jihar Katsina