Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke kwashe mana falet a Singa

Zuwa ga Manajan Darakta,

Yallaɓai, bayan gaisuwa. Mu masu kula da sito-sito ne guda huɗu a kasuwar Singa da kan titin Bello a Kano, waɗanda muka sa hannu a yarjejeniya ɗaya da kamfaninku a watan Agustan 2024 domin kwashe falet, katakon nan da ake ɗora kaya a kai. Mun fito da wannan wasiƙa fili saboda amsar da jami'inku na kuɗi ya turo mana ta WhatsApp ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, da ƙarfe 4:20 na yamma, bayan mun roƙi a zauna a duba lissafi. Ga abin da ya rubuta: “Alhaji, shara dai shara ce. In ba za ku biya ba, ku ci gaba da zama da kayanku.” Tun daga ranar wayar ofishinku sai ta yi ta ƙara har ta katse.

To, falet ba shara ba ne, kuma kun fi mu sani, tunda da shi kuke cin abinci.

Yarjejeniyar ta kasa shi gida uku. Lafiyayye, wanda babu allon da ya tsage kuma ƙafafunsa tara suna nan daram, ku ne za ku biya mu naira 1,500 kan kowanne. Mai neman gyara, wanda allo ɗaya ko biyu suka karye ko ƙafa ta fita, ku ɗauka kyauta, ba mu biya ba ku biya. Matacce, wanda gara ta ci, ko ya ruɓe, ko mai da sinadari suka jiƙa shi, shi kaɗai ne za mu biya naira 300 a kwashe. Shafi na biyu ya ce a gaban mai sito za a tantance, a rubuta adadin kowane kashi, ɓangarorin biyu su sa hannu kafin mota ta tashi. A farko haka aka yi, sau ɗaya ko biyu. Daga baya direbobinku suka koma zuwa a gurguje, su ce a loda kawai, a can yadi za a tantance.

Ranar Litinin, 9 ga Disamban 2024, motarku ƙirar kanta ta yi sawu uku, ta kwashi falet 240. Mun ƙirga kafin a loda, mun ɗauki hoton kowane jeri: lafiyayyu 130, masu neman gyara 70, matattu 40. A bisa yarjejeniya kuɗin lafiyayyu naira 195,000 ne, a cire naira 12,000 na matattu, mu ne muke bin ku naira 183,000. Sai ga takardar biya ta iso, an rubuta dukkan 240 a matsayin matattu, kuma a kan naira 900 kowanne, naira 216,000 ke nan. An ƙara naira 45,000 wai kuɗin cunkoso, da naira 30,000 kuɗin jira, aka ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kai, jimilla naira 312,825. Yaushe 300 ta zama 900? Wace takarda kuka aiko kafin ku canza farashi? Kuma ta yaya falet 130 da suka bar sitonmu lafiya lau suka mutu tsakanin titin Bello da yadinku?

Kuɗin cunkoson nan ya fi ba mu haushi. Babu wanda ke musun cewa shiga Singa da mota aiki ne. Daga ƙarfe goma na safe tireloli sun tsaya suna sauke shinkafa da taliya, masu kura da 'yan Adaidaita Sahu sun cike abin da ya rage na hanya, ga 'yan KAROTA ba sa ɗaga wa wanda ya tsaya ba daidai ba ƙafa. Saboda haka ne ma muka rubuta a yarjejeniya cewa a zo tsakanin ƙarfe shida da rabi da takwas na safe, lokacin da hanya take a buɗe. Motarku ta iso bayan azahar. Wanda ya makara shi ya jawo wa kansa cunkoso, amma mu aka rubuta wa kuɗinsa. Kuɗin jira kuwa, jiran wa? Falet ɗin a jere yake tun daren Lahadi, an ware kowane girma daban, mai santimita 120 da 100 gefe guda, ɗan Turai mai 120 da 80 gefe guda, goma sha huɗu-huɗu a tsaye. 'Yan dakonmu ne suka loda, mu muka sallame su. Bayan kanta yana ɗaukar jeri shida, sawu ɗaya falet tamanin ko sama da haka, kuma lodin ba ya kai minti arba'in in mutum huɗu ne a kai.

Bari mu faɗi abin da ke faruwa da kayan bayan sun bar hannunmu, don masu karatu su gane dalilin da ya sa kalmar shara ta ɓata mana rai. Lafiyayyen falet, musamman mai tambarin HT a jikin ƙafarsa, alamar an gasa katakon har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30 don kashe ƙwari, kaya ne da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa suke nema, haka masu fitar da riɗi da zoɓo. Mai neman gyara, kafinta zai ciro allo daga matacce ya maye gurbin wanda ya karye, aikin minti kaɗan, ya koma kasuwa. Mataccen ma ba a banza yake tafiya ba. Ƙusoshinsa masu zobe ne, in aka ɓanɓare da ƙarfi allon tsagewa yake, shi ya sa gwanaye suke yanke ƙusar da zarto ta tsakanin allo da ƙafa, su sami alluna masu kyau na benci da teburin mai shayi da akurkin kaji. Guntayen su tafi gidan burodi a matsayin itace, ƙusoshin su tafi wurin 'yan gwangwan a kan kilo. Falet ɗan Turai guda ɗaya yana da alluna 11 da ƙusa 78, nauyinsa kusan kilo 25. Abin da ya cancanci a kai shi juji da gaske bai taka kara ya karya ba. Ke nan kun karɓi kuɗi a hannunmu don ku ɗauke, sannan kun karɓi kuɗi a hannun wanda kuka sayar wa, kamar dillalin da ya ci la'ada baki biyu kuma ya riƙe kuɗin hajar.

Akwai kuma abin da ya wuce kuɗi. A cikin kayan da kwantena ke kawowa daga Apapa akan sami falet mai tambarin MB, wanda aka yi wa turaren guba don kashe ƙwari, da wanda sinadari ya zuba a kai. Irin waɗannan ba a ƙona su a gasa abin da mutane za su ci. Mu muna ware su, muna shafa musu jan fenti. Mun tambaye ku a rubuce ina kuke kai su, ba a taɓa amsa mana ba. Masu shuɗin fenti kuma na kamfanonin haya ne, mai su yana bin mu su har sai an mayar. An haɗa da guda tara a lodin Disamba duk da mun ce a bar su, yanzu ana neman mu biya.

Tun da kuka daina zuwa, sama da falet 300 sun taru a sitocin nan huɗu. Kowane jeri yana cin kusan murabba'in mita ɗaya ko fiye na wurin da muke biyan haya mai tsada a kansa, wurin da ya kamata a ce buhunan sukari ne a ciki. Ba za mu iya fitar da su bakin titi ba, domin ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata jami'ai za su ci mu tara, kuma da gaskiyarsu. Busasshen katako ne jibge a lokacin hunturu, kusa da kwalaye da man girki. Wanda ya ga abin da gobarar watan Maris na 2016 ta yi wa kasuwar Sabon Gari ba zai yi barci da irin wannan tari a sitonsa ba. Yarjejeniyar kuma ta hana mu sayar wa wani, alhali kafintoci suna zuwa ƙofa da kuɗi a hannu muna ba su haƙuri.

Abin da muke nema, Yallaɓai: a soke takardar naira 312,825, a biya mu naira 183,000, a dawo da shuɗayen falet tara, a kwashe abin da ya taru cikin kwana bakwai a tantance a gabanmu, ko kuma a rubuto mana cewa an sake mu mu sayar wa wanda muka ga dama. Muna kuma son ganin takardun tantancewar yadinku na duk lodin da aka ɗauka tun Agusta, domin da muka fara magana sai maƙwabta a Kantin Kwari da Sabon Gari suka fito da nasu takardun, kuma a kowacce kaya lafiya suke tafiya, matattu suke isa. Wannan ya wuce kuskuren akawu ɗaya. Tsari ne na cin ƙananan 'yan kasuwa da ba su da filin ajiya kuma ba su da lokacin bin lissafi. Idan kwana bakwai suka cika babu amsa a rubuce, za mu miƙa hotuna da takardun gaba ɗaya ga shugabannin kasuwa da lauyanmu da hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta jiha.

Mu ne,
Masu kula da sito huɗu, Singa da titin Bello, Kano.