Bam a gidan cin abinci

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi duk sanda naji bam ya tashi a gidan abinci sai Kampala babban birnin Uganda ta fado min a rai, daren 11 ga Yuli 2010 mutane sun cika gidan abinci na Ethiopian Village suna kallon wasan karshe na kofin duniya kawai sai bam ya tashi, wasu biyu kuma a kulob din wasan rugby na Kyadondo, mutum 74 suka rasu, kungiyar Al-Shabab ta Somaliya tace ita tayi. Kujeru a kife, takalma a warwatse, Innalillahi. Dan Allah a rika duba jaka a bakin kofa, ku kuma yan jarida ku bibiyi wadanda suka jikkata, bayan sati daya ba mai tambayarsu.

Naku, mai karatu.