Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Bauchi: A Kai Mu Gindin Duwatsunmu

Mai girma Gwamna, Sanata Bala Abdulƙadir Mohammed, Ƙauran Bauchi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya ƙara wa Ƙaura lafiya, ya yi masa jagora.

Ranka ya daɗe, duk sa'ad da aka tayar da zancen yawon buɗe ido a jihar nan, da Yankari ake farawa, da ita ake rufewa. Ba mai raina ta. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, ya dawo hannun jiha daga gwamnatin tarayya a 2006, ga ruwan Wikki da ɗuminsa bai cika gusawa daga digiri 31 ba, rani da damina. Sai dai a tambayi malamin firamare yadda zai kai iyalinsa can. Tafiyar ta haura kilomita 100. Motar haya ta hanyar Gombe za ta sauke shi a Dindima, ya nemi wata zuwa Mainamaji, daga bakin ƙofa kuma da sauran wajen kilomita 40 cikin dajin da ba a ratsa shi da ƙafa. In ba shata ya ɗauka ba, sai dai ya ci gaba da jin labari.

Alhali ga abin kallo nan Allah ya zagaye mu da shi kyauta. Ga Warinje da Gudum a gefen gari, ga duwatsun Buli ta hanyar Dass, ga Zaranda ta hanyar Jos, ga Mbula tsaye a kan garin Dass. Na kusa keke Napep ma zai kai ka, na nesa kuwa motocin haya na giftawa ta kusa da su dare da rana.

Wanda bai taɓa hawa ba zai ce rashin aikin yi ne. To ya gwada fita bayan sallar Asuba a ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, hazo bai sauko ba. Dutsen da sanyinsa a tafin hannu. Kukkuki da ararraɓi sun kafa saiwa a tsagar da ko cokalin ƙasa babu, rema na leƙowa ta koma. In ka kai sama ka juyo, sai ka ga gari ya baje, kana nuna hasumiyar masallacin unguwarku da yatsa, gonakin dawa sun yi ja har iyakar ganinka. Kafin ƙarfe 10 kuma sai a sauko, don da rana ta ɗaga dutsen nan ba ya takuwa. Mutanen da likita ya ce su riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon suga, waɗanda muke gani da sassafe a gefen kwalta suna shaƙar hayaƙin tirela, ai nan ya fi dacewa da su.

Kuma ba motsa jiki ne kaɗai ba. A kan wasu duwatsun za ka tarar da kufai, da kwarmin niƙa a jikin fa, da sakainun tukwane, shaidar cewa kakannin wasunmu a can suka yi zamansu lokacin yaƙe-yaƙe. Zanen da mutanen dā suka bari a Dutsen Zane na Geji cikin ƙaramar hukumar Toro, da na Shadawanka, da na Shira, duk suna cikin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ta ayyana a matsayin na ƙasa. Haka ma Kwandon Kaya, tarin duwatsun nan na Panshanu da tarihin baka ke dangantawa da zamanin Sarkin Bauchi Yakubu na farko. Ɗalibai nawa ne suka wuce ta wurin a mota, suna gyangyaɗi, ba wanda ya ce musu ku duba?

Abin da nake roƙo ba otal ba ne, ba kuma kwangilar biliyoyi ba. Jiha na da kamfanin sufuri na Yankari Express. A ware bas ko da biyu ne a ranakun Asabar da Lahadi, ɗaya ta bi hanyar Dass, ɗaya ta bi ta Toro, da lokacin tashi da na dawowa sananne, da kuɗin da ɗalibi zai iya biya. Dawowar ita ce babbar magana, domin uba ba zai saki 'ya'yansa ba in bai san motar da za ta maido su kafin Magariba ba. A gindin kowane dutse kuma a zauna da mai unguwa da sarkin baka, su fitar da samarin da suka san hanya, a ba su horo da shaidar aiki, baƙo ya biya su kai tsaye. Su suka san inda maciji ke kwana, su suka san wurin da mutanen gari ke girmamawa ba a taka shi. Inda jami'an tsaro ba su lamunce ba, kada a tura kowa, a faɗa wa jama'a gaskiya.

Sai batun fasa dutse, wanda shi ne ba ya jira. Ban ce a kori matan da ke zaune da guduma a rana suna tara tsakuwa don cin abinci ba, gini ma ba ya yiwuwa sai da dutse. Amma masu nakiya da tifa, ya kamata a ja musu layi. Na san lasisin haƙar ma'adinai a hannun Abuja yake, sai dai ƙasa a hannun Gwamna take bisa dokar filaye ta 1978. A tura masu safiyo su shata duwatsun da ke da zane ko kufai, da waɗanda za a bar wa masu hawa, a buga sunayensu a gazet, wato mujallar sanarwar gwamnati, kafin a sake ba kowa izinin fasa wani. In kuɗi bai isa a yi duka a bana ba, ranka ya daɗe, a fara da wannan, bas ta biyo baya.

Allah ya taimaki Ƙaura.

Naka,
Wani malamin makaranta daga cikin garin Bauchi