Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Bunƙasa Kiwo: akuya ma ana tatsarta

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

Tun da aka ƙirƙiro ma'aikatarku a 2024 nake kasa kunne, amma duk sanda aka ce madara, saniya ake nufi. Kun ce za a rage shigo da madarar gari daga waje. Madalla. Gonar madara ta Damau da ke ƙaramar hukumar Kubau ma ta shanu ce. Mu masu awaki fa? Ko sai ranar suna ake tunawa da mu?

Jajayen awakin Sakkwato shida gare ni a bayan gida a Rigasa. Wadda ta fi su nono, da damina ma da ƙyar nake samun rabin lita bayan 'ya'yanta sun sha. In rani ya kama, harawa da dusa suka yi tsada, kofi ɗaya ne. Amma nono ne mai kauri, maiƙonsa ya fi na akuyar Turai, kuma ba ya taruwa a sama kamar na saniya, shi ya sa ba ya yi wa jikata nauyi a ciki. Ita akuyar Turai da ake kira Saanen takan ba da lita 2 zuwa 3 a rana, sai dai nata tsararo ne, ga shi ba ta jure zafinmu. Haɗa jinin biyun shi ne dabara, kuma ba ni ce na gano ba. Masanan NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, nan kusa da Zariya, sun daɗe suna nazarin awakin nan. To ina bunsurun?

Bara na sayar da tunkiyata na sayi wani farin bunsuru a kasuwa, dillali yana rantsuwa da Allah jinin Turai ne. 'Ya'yansa mata sun girma sun haihu, ko cokali ba su ɗara uwayensu ba. Farin gashi kawai na saya.

Don Allah, ranka ya daɗe, a ajiye tantataccen bunsuru a kowace ƙaramar hukuma, mu riƙa kai awakinmu barbara muna biyan ɗan abin da ya sawwaƙa. Ba kyauta muke roƙo ba.

Akwai kuma rigakafin cutar PPR, cutar nan mai kashe mana awaki da zawo da majina, wadda aka ce duniya za ta kawar nan da 2030. Wannan sai wata wasiƙar.

Taka,
Wata mai kiwon awaki, Rigasa, Kaduna